Gano Abin da Ke Ɓata Saitin Ƙaramar Bindigar Gasa

Harbin bara, wato harbin takarda mai zane zagaye-zagaye domin gwada iya saiti, yana cikin wasannin Olamfik, kuma bindigar da ake fafatawa da ita daga nisan mita 50 ita ce wadda ake kira .22, saboda faɗin ramin bututunta kashi 22 ne cikin ɗari na inci guda, wato kimanin milimita 5.6. Kamfanin Stevens na Amurka ne ya fito da harsashinta a shekarar 1887, kuma dalmar da ke kansa ba ta wuce giram 2.6 ba. Tsakiyar takardar, inda ake cin maki goma, faɗinta milimita 10.4 ne kacal, kusan faɗin farcen ɗan yatsa, don haka 'yar matsalar da mafarauci ba zai ko lura da ita ba tana iya raba ɗan gasa da nasara.

Idan saiti ya lalace, maharbi yakan yi saurin ɗora wa bututu laifi, alhali kuwa ba kasafai yake zama mai laifin ba. Tsarin masana shi ne a cire harsashi, a tabbatar bindigar babu kome a cikinta, sannan a fara bincike daga abin da ya fi sauƙi, ana canza abu ɗaya tak a kowane gwaji, domin wanda ya ɗaure sukuru, ya sauya harsashi, ya kuma wanke bututu a zama ɗaya, ko da saitin ya dawo ba zai san wanne ne ya yi maganin ba.

Takardar da aka harba ita ce shaidar farko. Ana ɗora bindigar a kan buhunan yashi domin a fitar da rawar hannu daga lissafi, a yi harbi goma a wuri ɗaya, saboda harbi uku sukan haɗu bisa sa'a kawai. Ramukan da suka taru a gungu guda amma gefe da tsakiya ba matsalar bindiga ba ce, ma'aunin saiti ne yake bukatar juyawa. Idan suka jeru daga sama zuwa ƙasa, ana zargin bambancin gudun harsasai, ko numfashin maharbi, ko raunin allurar da ke dukan harsashi. Idan kuwa suka bazu daga hagu zuwa dama, yawanci iska ce ko fizgar kunama, domin iskar da ke gudun kilomita 16 a awa tana iya kauce da wannan 'yar dalma fiye da santimita biyu kafin ta isa takarda.

Daga nan sai sukurori. Waɗanda suka haɗa ƙarfen bindiga da ƙotarta, da waɗanda suka riƙe madubin hange, sukan saki a hankali ba tare da ido ya gani ba. Ƙotar katako kuma tana shan laima ta kumbura, ta bushe ta tsuke, kamar yadda ƙyauren ɗaki yake cijewa da damina ya saki da hunturu. A yawancin bindigogin gasa bututu ba ya taɓa katako sam, kuma ana gwada haka da siririyar takarda: a zura ta ƙarƙashin bututun a ja ta baya, inda duk ta maƙale, nan katako yake danna ƙarfe yana sauya yadda bututun ke girgiza lokacin harbi.

Batun harsashi ya fi duk sauran zurfi. Sinadarin da ke kunna albarushin .22 yana shimfiɗe ne a cikin leɓen gindin kwanso, ba a tsakiya ba, kuma idan shimfiɗar ba ta yi daidai ba, wani harsashi zai fita da sauri wani da nawa. Harsashin gasa ana yin sa ne ya yi gudun kusan mita 330 a daƙiƙa, ƙasa kaɗan da gudun sauti, saboda dalmar da ta fita da gudun da ya zarce na sauti tana tangaɗi lokacin da gudunta ya ragu ya ratso wannan iyaka. Abin mamaki kuma, bindigogi biyu ƙirar kamfani ɗaya sukan bambanta a harsashin da suke so, har ma bindiga guda takan karɓi wani rukunin harsashi ta ƙi wani daga masana'anta ɗaya. Shi ya sa kamfanoni irin su Eley na Ingila da Lapua suke da wuraren gwaji, inda ake ɗaure bindigar ɗan gasa a maƙalali a harba rukuni-rukuni, ya sayi wanda ya fi haɗuwa.

Kwanson da aka harba ma yana magana. Tambarin da allura ta bari a leɓensa ya kamata ya zama mai zurfi kuma iri ɗaya a kowane kwanso. Idan wani ya nutse wani ya tsaya sama-sama, to sifirin allurar ya gaji ko busasshen mai ya daskare a hanyar allurar.

Sai a ƙarshe ake zuwa bututu, nan ma datti ake fara nema. Toka da dalma sukan taru su yi zobe mai tauri daidai gaban inda kwanso yake zama, su kankare harsashi tun bai fara tafiya ba. Bayan an wanke, ba a yanke hukunci nan take, domin dalmar tana ɗauke da kaki mai santsi wanda sai an yi harbi da dama kafin ya sake shafe cikin bututun. Bakin bututu kuwa ana duba shi da tsinke mai auduga: a juya shi a gefen ramin, idan zaren auduga ya maƙale, akwai tsaguwa, kuma ta nan hayaƙi zai riga fita ya ture gindin dalma gefe. Sandar wanki da aka riƙa zurawa ta baki ita ce ta fi jawo wannan lahani, kuma gyaransa aikin maƙerin bindiga ne, wanda zai sake yanka bakin ba tare da an sauya bututun ba, tun da bututun .22 yakan ɗauki dubun-dubatar harsasai kafin ya cinye.