Daga Lawanti Zuwa Ƙetare: Abin da Matafiyin Gombe Zai Duba Kafin Ya Yanki Tikiti

Duk wanda zai tashi daga Gombe zuwa Jidda, Alƙahira, Landan ko Guangzhou, tafiya biyu ce a gabansa. Ta farko gajera ce: daga filin jirgin Lawanti zuwa Abuja, tafiyar kusan sa'a guda a sama, ko kuma a mota zuwa Kano ta hanyar Dukku da Darazo. Ta biyu ita ce doguwar. In ka cire lokacin jigilar alhazai, da ake kwasar maniyyata kai tsaye daga Lawanti zuwa ƙasa mai tsarki, haka lamarin yake a sauran watannin shekara. Yawancinmu kuma abu biyu kawai muke tambayar mai sayar da tikiti: nawa ne, kuma wane kamfani ne. Akwai tambayoyin da suka fi waɗannan tasiri a kan lafiyar jikinka da aljihunka.

Zangon farko

Filin Lawanti, wanda aka gina a zamanin Gwamna Danjuma Goje, yana wajen gari ne a kan hanyar Bauchi, cikin ƙaramar hukumar Akko. Ka ware wa hanyar aƙalla minti 40, ban da lokacin tantancewa da awon kaya.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne tikitin Gombe zuwa Abuja galibi daban yake da tikitin ƙetare. Idan jirgin cikin gida ya makara har babban jirgi ya tafi ya bar ka, kamfanin ƙetare ba ruwansa. A wurinsa fasinja ne bai zo ba, kuma yana iya soke har da tikitin dawowarka. Jiragen da ke sauka Gombe ba su da yawa, saboda haka in an soke ɗaya, da wuya ka sami madadinsa a ranar. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuwa, hazon hunturu na iya hana jirgi sauka gaba ɗaya. Shawarata ita ce ka isa Abuja ko Kano kwana ɗaya kafin ranar tashinka. Kuɗin masauki na dare ɗaya bai kai asarar tikitin Landan ba.

Ka kuma lura da awon kaya. Kamfanin ƙetare na iya ba ka jaka biyu masu kilo 23 kowacce, alhali abin da jirgin cikin gida yake yarda da shi galibi bai wuce rabin haka ba. 'Yan kasuwar da ke dawowa da kaya daga Sin ko Dubai, a Abuja suke cin karo da wannan, lokacin da kuɗin guzuri ya riga ya ƙare.

Tambayi irin jirgin

Jiragen da iyayenmu suka sani sun fara ɓacewa. Boeing 747, ƙaton jirgin nan mai bene da Kabo Air da Max Air suka yi shekaru suna jigilar alhazai da shi, an daina ƙera shi. Na ƙarshe ya bar masana'anta a farkon 2023, kuma British Airways ya ajiye nasa tun 2020. Waɗanda suka gaje shi masu inji biyu ne, ba su shan mai kamarsa: Boeing 777, Boeing 787 da Airbus A350. Ethiopian Airlines ne ya fara kawo 787 Afirka a 2012, sannan A350 a 2016. Air Peace ya buɗe hanyar Legas zuwa Landan da 777 a Maris na 2024. A cikin gida ma, Embraer E195-E2 da Air Peace ya fara karɓa a 2021 kujeru bibbiyu ne a kowane ɓangare, babu ta tsakiya.

Wannan bambanci a jikinka za ka ji shi. A tsofaffin jirage, iskar cikin jirgi kamar ta kan dutse mai tsawon ƙafa 8,000 ce, ga bushewa. A 787 da A350, saboda kayan da aka ƙera gangar jikinsu da shi, an sauko da ita zuwa kusan ƙafa 6,000, danshi kuma ya ƙaru. Shi ya sa ciwon kai, bushewar maƙogwaro da gajiya suke raguwa. Ga dattijo mai hawan jini ko mai zuwa asibiti a Alƙahira ko Indiya, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai faɗin kujera. Kamfanoni da yawa suna jera kujeru goma a layi ɗaya cikin 777, uku-huɗu-uku, inda a da tara ne. A350 galibi tara ne, kuma kujerarsa ta ɗan fi faɗi. A330 kuwa biyu-huɗu-biyu ne, wanda ya fi dacewa da mai tafiya da matarsa ko mahaifiyarsa, domin za su zauna su biyu ba baƙo a gefe. Irin jirgin yana rubuce a shafin sayen tikiti, kuma ejan ɗinka yana ganinsa a kwamfutarsa. Ka tambaye shi zango-zango, domin ana iya ɗaukar ka a ƙaramin 737 zuwa Addis Ababa, sannan a sa ka a babba zuwa Guangzhou, tafiyar da ta haura sa'a goma. Zango mafi tsawo shi ne abin dubawa.

Kamfani na iya canza jirgi ana gobe tafiya, kujerar da ka zaɓa ta tafi. Ka sake duba lambar kujerarka da zarar an buɗe tantancewa ta intanet. Idan ka biya kuɗin babban aji aka mayar da kai ƙarami, kana da haƙƙin a dawo maka da wani ɓangare na kuɗinka. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, tana da jami'an kare haƙƙin fasinja a manyan filayen jirgi.

A cikin jirgi

Zama wuri ɗaya fiye da sa'a huɗu na iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, musamman ga tsofaffi, masu juna biyu, masu ƙiba da waɗanda aka yi wa aiki kwanan nan. Jidda kanta ta wuce sa'a huɗu daga Kano. Ka zaɓi kujerar bakin hanya, ka riƙa tashi kana takawa, kana motsa ƙafa ko a zaune, ka sha ruwa sosai. Dattawanmu da dama sukan ƙi shan ruwa don gudun shiga bayin jirgi. Wanda ya rako su ya nuna musu yadda ake buɗe ƙofar da yadda ake kora ruwa tun kafin buƙata ta taso, ya kuma tuna musu su yi alwala a filin jirgi kafin shiga.

Magungunanka, fasfo, katin rigakafin shawara da batirin cajin waya duk a jakar hannu suke zama. Batirin ma doka ce ta hana a sa shi cikin kayan awo. Mai zuwa Umara ta Jidda ya sa haraminsa a jakar hannu ko ya ɗaura tun daga ƙasa, domin a sama za a ƙetare miƙati. Idan da kamfanin Turai za ka tafi, nemi abincin halal ko na masu ciwon suga tun kwana biyu kafin tashi. Ka riƙe rigar sanyi, ko da daga zafin Gombe na Afrilu ka fito.

Makin tafiye-tafiye

Kusan kowane babban kamfani yana tara wa fasinjansa maki kyauta, amma sai ya yi rajista. Na Ethiopian sunansa ShebaMiles, na Turkish Airlines Miles&Smiles, na Saudia AlFursan. Qatar Airways, wanda ya fara sauka Kano a 2022, maki ɗaya yake amfani da shi da British Airways, wato Avios, kuma ana iya tura shi daga wannan asusu zuwa wancan.

Kamfanonin rukuni-rukuni ne. Ethiopian, EgyptAir, Turkish da Lufthansa suna cikin Star Alliance. Qatar, British Airways da Royal Air Maroc suna oneworld. Saudia, Air France, KLM da Kenya Airways suna SkyTeam. Lambar asusu ɗaya ta ishe ka a duk rukuni: wanda ya je Alƙahira da EgyptAir zai iya zuba makinsa a ShebaMiles. Mai rarraba maki a asusu huɗu ba zai tara abin kirki a ko ɗaya ba.

Makin na wanda ya hau jirgi ne, ba na wanda ya biya ko ya sayar da tikiti ba. Ka ba ejan lambarka, ka tabbatar ta fito a katin shiga jirgi, kuma sunan da ke asusunka ya yi daidai da na fasfo harafi-harafi. Muhammad da Mohammed mutum biyu ne a wurin kwamfuta. Ka adana katin, don da shi ake neman makin da bai shiga ba. Tikitin jigilar alhazai da tikiti mafi araha galibi ba su kawo maki, ko su kawo kaɗan. Maki yana lalacewa idan an daɗe ba a taɓa shi ba, kuma tikitin da aka karɓa da maki sai an biya masa haraji da kuɗi a hannu.

Wanda zai fi cin moriya shi ne ɗan kasuwar da ke zuwa Sin ko Turkiyya sau da yawa a shekara. Idan ya kai matakin zinare a Star Alliance, ana ƙara masa awon kaya, ana ba shi ɗakin hutu a filin jirgi, inda zai ci abinci ya huta a dogon jira. Ga mai tafiya sau ɗaya a shekara biyu kuwa, ya yi rajista tunda kyauta ce, amma kada ya ƙara ko sisi a kan tikiti don neman maki.

Saboda haka, ranar da ka zauna gaban mai sayar da tikiti, ka bi wannan tsari: fara da tazarar da ke tsakanin saukarka daga Gombe da tashin babban jirgi, sai irin jirgin da zai yi zango mafi tsawo da kujerar da za a ba ka, sai awon kaya a zangon gida da na waje. Bayan waɗannan ne za ka miƙa lambar makinka. Allah ya kai lafiya, ya dawo da kowa gida lafiya.