ƘUMA DA GARA A GIDAN MANOMIN AUDUGA

Manomi, ka sha wahalar damina. Ka yi shuka a kan kari, ka yi noma da maimai, ka yi feshi, ga auduga ta fashe fari fat. To, saura aikin gida. Akwai ɓarayi biyu waɗanda ba su haura katanga, don a cikin gidan su ke kwana. Ɗaya jinin iyalinka ya ke sha, ɗaya kuwa dukiyarka ta ke ci. Su ne ƙuma da gara. Ka karanta darasin nan a tsanake, ka kuma karanta wa uwargida da samarin gida, gama aikin na kowa da kowa ne.

INDA ƘUMA YA KE FITOWA

Waɗansu sun ce ƙura ce ke haifar ƙuma. Ba haka ba ne, amma a cikin ƙura ya ke girma. Tamatar ta kan sha jinin kare, ko kyanwa, ko akuya, ko ɓera, sa'an nan ta yi ƙwai a cikin gashinsu, har wajen 40 a rana guda. Ƙwan ba ya mannewa. Duk inda dabbar ta kwanta sai ya zube ƙasa. Bayan 'yan kwanaki ya ƙyanƙyashe, wata 'yar tsutsa fara ta fito, ta shige cikin ƙura da tsaguwar daɓe, tana cin datti. Daga nan ta saƙa wa kanta ɗan gida kamar yadda tsutsar tsamiya ke yi. In akwai ɗumi da laima, cikin mako biyu ko uku sabon ƙuma ya fito.

Ka lura da abu biyu. Na fari, ƙuman da ka ke gani yana tsalle shi ne kaɗan. Cikin 100, wajen 5 ne manya, sauran duk ƙwai ne da tsutsa a ƙasa. Wanda ya tsaya murtsuke na jikinsa kaɗai, bai taɓa kome ba tukuna. Na biyu, ƙuma ya kan zauna cikin gidan nan nasa wata da watanni, sai ya ji motsin ƙafa ya fito. Shi ya sa in ka buɗe ɗakin da aka daɗe ba a shiga ba, kan ka ankara ƙafafunka sun yi baƙi.

ƁARNAR ƘUMA

Yaro ya kwana yana susa, wurin ya zama gyambo. Babba ya tashi bai yi barci ba, ga tsinkar auduga tana jiransa. 'Yan awaki da 'yan tsaki jininsu ya kan ƙare, su rame, su mutu. Ƙuman ɓera ya fi kowane sharri, don shi ke ɗauko cuta daga ɓera ya kai wa mutum. A tsibirin Madagaska, a 2017, annobar da ƙuman ɓera ke tada ita ta kama mutum fiye da 2,000, fiye da 200 suka rasu.

YADDA ZA KA KORE SHI

1. A yayyafa ruwa kaɗan a share ɗaki kullum, har ƙarƙashin gado da bayan randa da lungun tukwane. Sharar kuwa a ƙone ta. In an zuba ta bayan ɗaki, gobe ta komo da ƙafarta.

2. A fitar da tabarmi da katifa da barguna a shanya su a rana tsaka, sau ɗaya a mako, a kakkaɓe. Tsutsar ƙuma ba ta jimre zafin rana da bushewa.

3. A gyara daɓe. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In ba halin siminti, a sake daɓe da makuba, a liƙe kowace tsaguwa.

4. Kada awaki da kaji su kwana ɗaki ɗaya da mutane. A yi musu nasu wurin, a riƙa kwashe taki ana kai wa gona. A share akurki, a barbaɗa toka, a kuma tara wa kaji toka da rairayi su yi birgima.

5. Ƙuman da ke mannewa a zankon kaza da gefen idonta, a shafa masa man kaɗanya, ya shaƙe ya mutu. Maganin ƙuma na jikin kare da awaki kuwa, wurin likitan dabbobi a ke nema.

6. Da dare a zuba ruwa da ɗan sabulu a faranti, a ajiye ƙasa, a haska masa tocila daga sama. Ƙuma na bin haske, sai ya faɗa ciki. Da safe ka duba, ka san ko aikinka yana ci.

7. In za ka yaƙi ɓera, fara da ƙuma. In ɓera ya mutu jikinsa ya yi sanyi, ƙuman da ke kansa ya kan sauka neman wani mai jini, kai ne kuwa kusa. Mushen ɓera a ɗauke shi da shebur a binne da zurfi. In kun ga ɓeraye suna mutuwa da yawa ba wanda ya kashe su, ku gaya wa malamin lafiya ran nan.

Ka dage da wannan har mako shida, don waɗanda ke ɓoye su gama fitowa. Shanya da liƙe tsaguwa suna rage kuɗin cizo ma, shi kuwa a ƙara masa da tafasasshen ruwa a gaɓoɓin gado.

HALIN GARA

Gara gari guda ce a ƙarƙashin ƙasa. Akwai uwa, akwai masu aiki, akwai masu tsaro da manyan kawuna. Uwar manyan suri ta kai tsawon yatsa, ba ta fita, ba ta da aiki sai ƙwai, dubbai a kowace rana. Masu fiffike da ke tashi bayan ruwan farko, su ne ke zuwa kafa sabon gari.

Jikin gara taushi gare shi, rana da iska na kashe ta, tururuwa na cinye ta. Saboda haka ba ta tafiya a fili, sai ta gina rufaffiyar hanya ta ƙasa ta bi ciki. Itace kuwa daga ciki ta ke cinsa, ta bar bayan lafiya lau. Sau da yawa maigida ba ya sani sai ran da azara ta karye cikin damina, soro ya rufto, ko gindin rumbu ya zube da hatsin shekara. Abu uku ke kiranta gida: laima, duhu, da busasshen itace ko kara da ya taɓa ƙasa.

Amma fa kada ka ce gara ba ta da rana. A gona ita ke huda ƙasa ruwa ya shiga. Manoman wajen Illela da Tawa da ke haƙa tassa suna zuba taki a ramin, gara ta zo ci, ta bubbuɗe fako, gero ya tashi inda da ko ciyawa ba ta fita. Surin da ke daji a bar shi. Wadda ta shigo gida ita ce abokiyar gaba.

YADDA ZA KA TSARE GIDA

1. Kan a yi gini, a tone kututture da saiwoyi duka daga filin. Su ne abincinta na fari.

2. A zaɓi itacen da ba ta so, kamar ƙirya da azarar giginya namiji wadda ta ƙosa. Dirka kada a kafa ta a ƙasa tsirara, a ɗora ta kan dutse ko siminti.

3. Rumbu a ɗora shi kan duwatsu, da tsawo yadda yaro zai iya leƙa ƙarƙashi. In da hali a kifa guntun kwano a kan kowane dutse, bakinsa ya lanƙwaso ƙasa. Gara ba ta huda kwano, dole ta gina hanyarta a fili inda za ka gan ta.

4. Itacen wuta, da karan dawa, da zana, kada a jingina su da bango. Itacen auduga a tuge a ƙone a gona bayan tsinka, gama tsutsar auduga ma a ciki ta ke yin rani. Wanda aka kawo gida don girki a ajiye nesa da ɗaki, a ƙare shi kan ruwa ya sauka.

5. A gyara indararo, a yi wa ruwan wanka hanya, kada ya kwanta gindin bango.

6. Ka sa rana guda a mako ta zagaya gida. Ka duba gindin bango, da duwatsun rumbu, da jinka, ka ƙwanƙwasa azara. Wadda ta yi amon ganga an cinye cikinta, a sake ta tun da rani. Hanyar gara in ka gani ka kankare, ka bi ta har inda ta fito, ka zuba toka, ka liƙe.

7. Ruwan dogon yaro, watau bedi, yana korarta. A daka busassun 'ya'yan, rabin kilo, a jiƙa cikin ruwa lita 10 ya kwana, a tace, a zuba gindin bango da dirka. Kora ya ke yi, ba ya kashe garin, saboda haka sai an maimaita.

8. Surin da ya fito cikin gida a haƙe shi har a sami uwar, a bar wa kaji sauran. A ci gaba da dubawa, don wani lokaci garin ya kan sake yin wata uwa, wata gara kuma ba ta gina suri ko kaɗan.

AUDUGA KAN RANAR KASUWA

Audugar da aka zube a ƙasa, dare biyu ya isa gara ta hau ta da jar ƙasa. Ran awo mai dubawa ya ga datti, farar audugarka ta faɗa lamba ta biyu, kuɗinka ya ragu. Ka yi mata dandamali na itace, tsawon kamu ɗaya daga ƙasa, kada ta taɓa bango. Ka shimfiɗa tabarma mai tsabta, ka hana kare da kaji hawa, ka riƙa duba ƙafafun dandamalin kowace safiya.

MAGANIN GONA BA NA ƊAKI BA NE

Nan ne babban gargaɗi. Manomi ya ga maganin feshi ya kashe tsutsa a gona, sai ya ce bari in ɗiba kaɗan in fesa wa ƙuma a ɗaki, in zuba wa gara a rumbu. Kul! An yi maganin nan ne don fili, inda iska da rana ke cinye shi. A ɗaki ya kan zauna cikin tabarma da daɓe, inda jariri ke rarrafe yana kai hannu baki. Yana shiga jiki ta fata, ta hanci, ta baki.

Ba tatsuniya ba ce. A jihar Bargu ta ƙasar Benin, a daminar 1999, mutum fiye da 30 suka rasu saboda wani maganin auduga mai suna endosulfan. Ƙasashen Sahel suka hana shi a 2007, a 2011 kuma aka sa shi cikin magungunan da ƙasashen duniya suka yarda a daina. Dieldrin da aldrin, waɗanda iyayenmu suka sani a kan gara, an hana su tun yarjejeniyar 2001, Gammalin kuwa a 2009. In wani ya tallata maka su a kasuwa, ko ya miƙo kwalba ba takarda ba suna, ka wuce abinka.

Ka kiyaye waɗannan:

Kada a fesa maganin auduga a ɗaki, ko kan gado, ko jikin dabba, ko kan yaro don ƙwarƙwata, ko cikin hatsi.

Ƙwayar nan ta turara hatsi, Phostoxin, hayaƙinta na kashe mutum yana barci. Kada a sa ta a ɗakin kwana ko ɗakin da ke manne da shi. Wake da hatsi a zuba su cikin buhu mai riɓi uku a ɗaure tam, ƙwari su mutu don rashin iska, ba da magani ba.

Irin shuka da aka ba ka an gauraya shi da magani. Ba a ci, ba a ba dabba.

Magani da famfon feshi a kulle su a wuri dabam, nesa da abinci da yara. Ka dubi zanen da ke gindin takardar kwalba. Ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore.

Galan in ya ƙare a ɗauraye shi sau uku, a juye ruwan cikin famfo, a huda shi. Ba a zuba masa ruwan sha, ko nono, ko mai.

In ƙuma ko gara sun fi ƙarfinka, ka tafi wurin malamin gona ko malamin lafiya, ya nuna maka maganin da aka yarda da shi don gida da yadda a ke sa shi.

IN GUBA TA TAƁA WANI

Alamunta su ne ciwon kai, jiri, gumi, dalalar miyau, amai, rawar jiki, da ƙuncin numfashi. A fitar da shi iska, a tuɓe masa tufafin, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu. Kada a ba shi nono ko mai, kada a sa shi amai da gangan. A kai shi asibiti nan da nan, a tafi da kwalbar don likita ya san irin gubar.

TAMBAYOYI DON TARON MANOMA

1. Ina ƙwan ƙuma ya ke ƙyanƙyashewa?
2. Don me a ke fara yaƙar ƙuma kan a kashe ɓera?
3. Waɗanne abubuwa uku ke kiran gara gida?
4. Me za ka ce wa maƙwabcin da ya roƙe ka ragowar maganin auduga zai fesa a ɗakinsa?

Rigakafi ya fi magani. Ka fara zagayen gidanka a makon nan, tun auduga ba ta shigo ba. Allah ya kai mu kasuwa lafiya.