Amfani da Taswirar Tudu da Kwari Wajen Tsara Wurin Kiwo

Gabatarwa

Ƙasar da ke kewaye da Jalingo, musamman wajen Yorro da Zing, tana da duwatsu da kwazazzabai. Ruwan sama kan gangaro daga kansu da ƙarfi zuwa kogin Lamurde da sauran rafuka, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2005. Da rani kuwa rafukan su ƙafe. Saboda haka, kafin ka yanke shawarar inda za a fitar da burtali ko mashaya, sai ka fara duba taswira.

Yadda ake karanta ta

1. Ma'auni: A taswira mai ma'aunin 1:50,000, santimita 2 daidai take da kilomita 1 a ƙasa.
2. Layuka masu ruwan ƙasa: Kowane layi yana bin wuraren da tsayinsu ɗaya ne. An rubuta tazarar tsayin da ke tsakanin layi da layi a gefen taswirar. Tsofaffin taswirori da ƙafa suke lissafi, ƙafa 50 kuwa kimanin mita 15 ce.
3. Inda layukan suka matsu, gangaren yana da tsanani. Inda suka yi nesa da juna, fili ne shimfiɗaɗɗe.
4. Inda suka lanƙwasa kamar harafin V, kwari ne, kuma tsinin yana nuna inda ruwa ke fitowa.

Misali

Idan tazarar tsayi mita 15 ce, kuma tsakanin layuka biyu milimita 2 ne, to nisan mita 100 ke nan a ƙasa. Gangaren ya zama kashi 15 cikin 100. In shanu suka cinye ciyawar irin wannan wuri, sawunsu zai zama hanyar ruwa, daga nan zaizaya ta kama.

Shawarwari

- Burtali ya bi gicciyen gangare, kada ya miƙe daga sama zuwa ƙasa.
- A gina ƙaramar madatsa inda kwari ya tsuke, bayansa kuma ya buɗe.
- A dasa jema ko gamba a jere bisa layin tsayi, domin riƙe ƙasa.

Kammalawa

Yawancin taswirorin nan sun tsufa, ba za su nuna sababbin gonaki ba. Don haka ka taka wurin da ƙafarka tare da ardo da mai unguwa, domin burtalin da ya ratsa gonar wani rigima yake haifarwa. Don neman taswira, tuntuɓi ofishin safiyo na jiha a Jalingo.