Kambamar Zulaƙe da Ƙa'ida a Wasan Kwaikwayon Tebur na Salon Anime

Wannan maƙala za ta dubi wata matsala da ke addabar masu wasan kwaikwayon tebur, wato wasan da mutum huɗu ko biyar kan zauna, kowa ya ɗauki matsayin tauraro guda, jagora yana warware labari, ɗan lido kuma yana yanke hukuncin nasara ko faɗuwa. Wasan ya samo asali ne daga Amurka, inda Dungeons & Dragons ya fito a 1974. Da ya isa Japan sai ya cuɗanya da anime, wato majigin zane na ƙasar. Hasali ma, labarin Record of Lodoss War ya faro ne a 1986 cikin mujallar Comptiq a matsayin rubutaccen rahoton irin wannan zama.

Ginshiƙin salon anime na jarumta shi ne kambamar zulaƙe. A Dragon Ball, wanda Akira Toriyama ya fara a 1984, har wata aka tarwatsa daga doron ƙasa. Marubuci guda yana iya yin haka ba mai ja da shi, amma a tebur taurari biyar ne, kowa kuwa yana son a ce shi ne gwarzo. Idan jagora ya sakar wa ɗaya mara ya rusa dutse yau, gobe ya hana wani, to amana ta zube, sauran su koma 'yan kallo. In kuma ya kafe a kan lissafi, armashin da ya tara su ya gudu.

Wasan Big Eyes, Small Mouth na Mark MacKinnon, wanda ya fito a Kanada a 1997, ya bi hanyar ciniki: ana sayen kowace baiwa da maki, wanda ya yarda tauraronsa ya ɗauki nakasu kuma a mayar masa da wasu. Wannan ya daidaita rabo, sai dai hisabin kan ƙare tun kafin a fara wasa.

Dabarar da ta fi wannan ƙarko ita ce a sa wa ƙarfi makari cikin labarin kansa. A Hunter x Hunter na Yoshihiro Togashi, wanda ya fara fitowa a 1998, Kurapika ya sami sarƙar da ba ta tsinkuwa ne bisa rantsuwar cewa ba zai ɗaure kowa da ita ba sai gungun da ya hallaka danginsa, in ya saɓa kuwa mutuwa ce. Wasan Japan mai suna Tenra Bansho Zero ya mayar da irin wannan tunani ƙa'ida. Ɗan wasa yana iya kashe maki ya yi abin al'ajabi, amma kowane maki yana ƙara wa tauraronsa nauyin karma. Da zarar nauyin ya haura 108, adadin sha'awoyin duniya a koyarwar Buddha, sai tauraron ya rikiɗe ya zama Asura, ya fita daga hannun mai shi ya koma na jagora. A nan ba wanda ya hana jarumi tsaga sama; shi da kansa ne zai dubi takardarsa ya ga saura maki nawa.