Darasi na Tara: Shin Dabbobi Suna Jin Abin da Muke Ji?

Duk mai kiwo ya san kukan akuyar da aka raba da ɗanta. Takan kwana tana kuka a turke, ta ƙi dusa, ta ƙi harawa. Wani ya ce nono ne ya cika mata hantsa. Wani ya ce kewar ɗanta take yi. Dabba dai ba ta magana, balle a tambaye ta. Don haka masana suka bi ta wata hanya. Suna lura da halinta, suna auna jininta, suna binciken ƙwaƙwalwarta.

Abin da jiki ya nuna

A shekarar 1872 wani masani a Ingila, Charles Darwin, ya wallafa littafi a kan yadda mutum da dabba suke nuna abin da ke ransu. Ya lura cewa idan tsoro ya kama su, zuciya takan buga da sauri, gashi ya miƙe, jiki ya ɗauki rawa. Daga baya aka gano cewa sassan ƙwaƙwalwa masu kula da tsoro, fushi da ƙaunar 'ya'ya suna nan a jikin saniya, kare, doki da ɓera, kamar yadda suke a jikinmu.

Akwai wani sinadari a jini mai suna oksitosin. Shi ke ƙulla uwa da ɗanta, shi ke sa nono ya sauko. Makiyaya sun daɗe da sanin aikinsa, ko da ba su san sunansa ba. A ruga, da safe, sai an kwance maraƙi daga dangwali ya ɗan tsotsa. Sannan a janye shi, a tsayar da shi inda uwar za ta riƙa lasarsa, mai tatsa ya tara ƙwarya. In maraƙin ya mutu, saniya takan riƙe nononta. Shi ya sa makiyaya a wurare da dama na Afirka sukan cusa ciyawa a fatar maraƙin, su ajiye a gabanta ta shinshina. Haka kuma in aka doke ta ko aka firgita ta, tsoro yakan tare aikin wannan sinadari, ƙwarya ta koma gida ba ta cika ba.

Sabo da baƙin ciki

Hausawa sun ce sabo ake yi wa kuka. Dabbobi ma suna sabo. A shekarar 2001 masana a kusa da birnin Kembirij na Ingila sun gwada tumaki da hotuna. Sun tarar tunkiya tana iya riƙe fuskokin tumaki 50, ta gane su har bayan shekara biyu.

A dajin Gombe na ƙasar Tanzaniya, ba Gomben Najeriya ba, wata Baturiya mai suna Jane Goodall ta fara zama kusa da manyan birai da ake kira cimfanzi a shekarar 1960. Cikinsu akwai wata tsohuwa da ta sa wa suna Flo. Flo ta mutu a bakin rafi a 1972. Ɗanta Flint yana da shekara takwas, ya isa ya nemi abincinsa da kansa. Amma ya janye jiki daga 'yan'uwansa, ya rage cin abinci, ya yi ta komawa inda uwarsa ta faɗi. Ya rame, ciwo ya kama shi. Bai cika wata ɗaya ba ya bi ta.

A Amboseli ta ƙasar Kenya, inda aka fara bin rayuwar giwaye tun 1972, an ga garke yana tsayawa in ya tarar da ƙasusuwan giwa. Sukan shafa ƙoƙon kai da haure da hancinsu, su juya su da ƙafa. Ba su cika kula ƙasusuwan wasu dabbobi haka ba.

Jaki ma yakan shaƙu da abokin zamansa. In ɗaya ya mutu, ɗayan yana iya daina ci, kuma jaki in ya daina ci yakan kamu da ciwo mai kisa. Likitocin dabbobi suna ba da shawarar a bar shi ya ga gawar, ya shinshina ta, kafin a ɗauke.

Inda ake yin kuskure

Tsoro, murna, sabo da baƙin ciki suna da hujja mai ƙarfi. Amma kishi, kunya da nadama fa? Nan ne masana suka rabu.

A shekarar 2003, a Amurka, Sarah Brosnan da Frans de Waal sun koya wa wasu ƙananan birai su miƙa tsakuwa a ba su lada. Muddin kowa kokwamba yake samu, ba rigima. Da aka fara ba wa ɗaya inabi, sai na kusa da shi ya ƙi karɓar kokwamba, wani ma ya yi jifa da ita. Wasu masana sun ce birin ya gane an yi masa rashin adalci. Wasu sun ce a'a, kwaɗayin inabi ne kawai.

Ga kuma kare. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma fuskar kare tana ruɗin mai shi. A 2009 wata masaniya a Amurka, Alexandra Horowitz, ta sa masu karnuka su hana su cin wani abinci, sannan su fita daga ɗaki. Da suka dawo, sai a gaya wa wasu cewa karensu ya ci, alhali bai taɓa ba. Da aka yi musu tsawa, karnukan da ba su yi laifi ba su ma suka sunkuyar da kai, suka kwantar da kunne. Ashe ba nadama ba ce, tsoron faɗan ubangida ne.

Darasin shi ne, dabba tana ji, amma ba lallai ta ji daidai yadda mutum yake ji ba. Kada mu ɗora mata tunaninmu. Mu koyi alamominta na kanta.

Abin da addini ya koyar

Ya zo a hadisi cewa wata mata ta shiga wuta saboda kyanwa da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ba. Wani mutum kuma aka gafarta masa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. An kuma umarci mai yanka ya wasa wuƙarsa, ya sauƙaƙa wa abin yankansa.

Amfani a gida da kasuwa

1. Kada ka ware tunkiya ko akuya ita kaɗai. Dabbar garke ce, kaɗaici yana firgita ta.
2. Mai tatsa ya zo a natse, a lokacin da saniya ta saba, ba tsawa ba sanda.
3. In ka ga dabba ta ware kanta, ta saukar da kunne, ta daina tuƙa, duba ta da wuri ko ka kira malamin dabbobi.
4. Dabbar da ta sha doguwar tafiya a mota, a ba ta ruwa ta huta kafin yanka. Naman wadda ta galabaita yakan yi duhu, ya yi saurin lalacewa, mahauci ya yi asara.
5. Kada a wasa wuƙa a gaban dabba, kada a yanka wata tana kallo.

Tambayoyi

1. Me ya sa ake kawo maraƙi kafin a tatsi saniya?
2. Fuskokin tumaki nawa tunkiya take iya riƙewa?
3. Me ya sami Flint bayan mutuwar uwarsa?
4. Me ya sa kare yake sunkuyar da kai in an yi masa tsawa?

Aiki

Rubuta jimla uku a kan wata dabba da ka sani. Faɗi yadda take yi in ta ji tsoro, da yadda take yi in ta ga mai ita.