Yadda Na'urorin Hoto Ke Gano Sankarar Jijiyoyin Jini A Mama

Akwai wata sankarar mama da ake kira anjiyosakoma, wadda ke tsirowa daga bangon jijiyoyin jini. Ba ta kai 1 cikin 1,000 na masu sankarar mama ba. Tana iya kama mace mai shekara 30 zuwa 40, ko ta fito shekaru bayan an yi wa mace gashin daji. Alamunta sun haɗa da kumburi mai saurin girma da tabo shuɗi-shuɗi a fata, kamar na kwanciyar jini.

Mamogiram: Yana aiki da hasken eksre. Tsokar maman matashiya tana da kauri, shi ya sa hoton kan fito lafiya ƙalau alhali cutar na ciki.

Sikanin: Yana tura sauti cikin jiki, ya haɗa hoto daga amsa-kuwwar da ta dawo. Tsarinsa na Dofla yana nuna gudanar jini, kuma irin wannan ƙari cike yake da jini.

MRI: Yana amfani da maganaɗisu da igiyar rediyo. Ana yin allurar gadoliniyam, sai a ga yadda ƙarin ke shan ta da sauri. Shi ya fi nuna iyakar yaɗuwar cutar a mama.

Duk da haka hoto ba ya yanke hukunci. Sai an cire ɗan tsoka an duba a ɗakin gwaji.

Ina waya ta shigo? Mara lafiya daga Sabon Birni ko Isa akan tura ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Tafiyar na cin kuɗi, ga matsalar tsaro a hanya, don haka 'yan uwa kan ɗauki hoton fim da waya su tura wa likita ta WhatsApp. Nan ake asara. Na'urorin asibiti suna ajiye hoto a tsarin DICOM, wanda kan ɗauki matakai 4,096 ko fiye tsakanin fari da baƙi. JPEG na waya 256 kawai yake da su, kuma WhatsApp na ƙara matse shi.

Abin yi shi ne a roƙi asibiti ya kwafe ainihin fayil ɗin a faifan CD ko filashi, a tura shi a matsayin takarda, tare da rahoton likitan hoto. Idan kuwa kumburin na ƙaruwa, kada a zauna don mamogiram ya fito lafiya. A koma asibiti a nemi ƙarin bincike.