Barkwancin Ingila a Idon Bahaushe: Nazarin Fina-finan Alec Guinness na 1949 zuwa 1955

Gabatarwa

Ana iya raba barkwanci gida biyu, wato na jiki da na baki. Na jiki shi ne wanda ido kaɗai ya isa ya gane shi, kamar faɗuwa da guje-guje da kwaikwayon tafiyar wani. Na baki kuwa sai an ji harshen, an kuma san al'adar masu shi, domin da gatse da habaici da ba'a ake gina shi. Wannan maƙala za ta auna wannan rabo da fina-finai huɗu na kamfanin Ealing da ke Landan, waɗanda Alec Guinness (1914-2000) ya fito a cikinsu bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Manufar ita ce a gano abin da Bahaushe ɗan kallo zai ɗauka daga cikinsu, da abin da zai kuɓuce masa.

Silima da Majigi

A zamanin da aka yi waɗannan fina-finai, hanyoyin kallo biyu ne a lardin Kano. Ta farko ita ce gidan silima, inda ake biyan kuɗi a shiga. An buɗe Rex a 1937, sannan Palace a 1952, wadda ita ce ta farko a cikin ganuwar birni. Malamai da dattawa ba su yi na'am da wannan baƙon abu ba, balle bayan gobarar silimar El Duniya ta 1951, wadda ta ci rayuka fiye da 300.

Hanya ta biyu ita ce majigi, kuma ita ce rabon mutanen karkara, irin na gundumomin Garki da Ringim da Dutse, waɗanda a lokacin suke ƙarƙashin En'e ta Kano. Mota ce ke zuwa da na'ura da allo, a kafa a fili bayan faɗuwar rana, a yi kallo kyauta, tafinta yana bayani da Hausa. Hukumar shirya fina-finai ta ƙasashen mulkin mallaka, wadda aka kafa a 1939 ƙarƙashin William Sellers, tsohon jami'in tsabta a Nijeriya, ta tafi a kan ra'ayin cewa baƙauye ba zai iya bin labari mai sarƙaƙiya ba. Saboda haka abin da ake kai masa shi ne darasin tsabta da noma da labarun gwamnati, a ɗan sirka da gajerun wasannin Charlie Chaplin, waɗanda barkwancinsu na jiki ne zalla. Karɓuwar Chaplin ta kai har Hausawa 'yan kallo suna kiran mai ban dariya a fim cali-cali. Sai dai a duba ko wancan ra'ayi na Sellers yana da tushe.

Fina-finan Huɗu

A cikin Kind Hearts and Coronets (1949), wani saurayi ne wanda dangin uwarsa masu sarauta suka yi watsi da ita don ta auri bare. Sai ya ɗauki aniyar kawar da duk wanda ke gabansa a jerin magada. Guinness shi kaɗai ya fito a matsayin mutum takwas na wannan gida, cikinsu har da limamin coci da janar na soja da mace. Wanda ya tashi a ƙasar da ta san gabar 'yan uba a kan gadon sarauta ba ya bukatar a yi masa bayanin jigon. Haka kuma fitowar mutum ɗaya da kama daban-daban ba baƙuwa ba ce ga wanda ya san 'yan kama da wasannin tashe.

A cikin The Lavender Hill Mob (1951), Guinness ya fito a matsayin akawun banki mai sanyin hali, wanda ya shekara ashirin yana rakiyar zinariya ba a taɓa zarginsa ba. Shi da abokinsa suka sace ta, suka narke, suka zuba ta a siffar ƙananan hasumiyoyin Faris na tsaraba domin su fitar da ita Faransa. Asirinsu ya soma tonuwa ne da aka sayar wa 'yan makaranta mata kaɗan daga ciki bisa kuskure. Wannan zubi ne irin na tatsuniyar Gizo, inda dabara mai tsawo kan rushe a kan ɗan ƙaramin abu.

The Man in the White Suit (1951) ya fi sauran nauyi. Wani masanin haɗa sinadarai ne ya ƙirƙiro yadin da ba ya datti, ba ya tsufa. Maimakon a gode masa, sai masu masaƙu da ma'aikatansu, waɗanda ba sa ga maciji da juna, suka haɗa kai suna farautarsa, domin in tufa ba ta ƙarewa, cinikin kowa ya ƙare. Masaƙi da marini da ɗan koli na ƙasar Kano, waɗanda suka ga yadda atamfar kanti ta yi wa saƙi, za su fahimci wannan tsoro tun kafin a fassara musu kalma ɗaya.

A cikin The Ladykillers (1955), gungun ɓarayi ne suka kama hayar ɗaki a gidan wata tsohuwa, suka ce su makaɗa ne. Da ta gano su, suka yanke shawarar kashe ta, amma suka ƙare da hallaka juna, kuɗin ya zauna a hannunta. Tsohuwar da ake rainawa ta kuma yi rinjaye sananniya ce a tatsuniyoyin Hausa.

Abin da Ke Kuɓucewa

Daga bayanin da ya gabata, a fili yake cewa jigogin ba su fi ƙarfin kowane ɗan kallo ba. Shingen yana ga harshe. Dariyar fim na farko, alal misali, ta dogara ne a kan mai kisan da ke ba da labarin ta'asarsa cikin lafazi mai ladabi na manyan mutane, kamar wanda ke bayanin liyafa. Wannan gatse ne, kuma in tafinta ya kawo ma'anar kalmomi ya bar salon, to dariyar ta mutu. Bugu da ƙari, a Ingila karin harshen mutum kan nuna ajinsa. Hausa ma tana da irin wannan makami. Usman Baba Pategi ya gina Samanja a kan Hausar bariki, Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, shi ma ya sha ba da dariya ta hanyar kwaikwayon maganar wasu. Mai fassara nagari zai nemi karin da ya dace da kowane ɗan wasa: na fada ga basarake, na zaure ga malami, na tasha ga ɓarawo.

Kammalawa

A yau ɗalibi a Garki yana iya kallon waɗannan fina-finai a wayar hannu, abin da kakansa mai kallon majigi bai samu ba, kuma fassara fina-finan Indiya zuwa Hausa ta zama sana'a a Kano. Nazarin ya nuna cewa rashin kai wa mutanen karkara irin wannan barkwanci ya samo asali ne daga zaton masu mulki, domin jigogin suna da 'yan uwa a adabin baka na Hausa. Abin da ya rage ga ɗaliban fassara shi ne su ɗauki fitowa ɗaya daga cikin waɗannan fina-finai, su juya ta zuwa Hausa, su karanta wa wanda bai ji Turanci ba. In ya yi dariya a inda Bature ya yi, fassarar ta yi.